Wayarin Kawu Dambar

"Kawu, me ya sa ƙofar gidanmu ta koyi cizo tun da ka ja mana waya?"

Sanu ce ta yi tambayar, bakinta cike da shinkafa. 'Yar shekara biyar ce, ba ta san maganar da ake yi a gaban mutum da wadda ake bari sai ya tafi ba. Uwarta Pabitra tana tsaye da ludayi za ta ƙara wa mijinta miyar dal, wato ta wake, sai hannun ya tsaya a sama.

Dambar, ƙanen Pabitra, ya yi dariya har ya ƙware. "Ƙofar ce ta cije ki ko ke kika cije ta? Buɗe bakin mu gani. Waɗannan haƙoran ɓeran ai sun isa su huda ƙarfe."

"Ita ta cije ni. A nan." Ta buɗe tafin hannunta. Babu komai a wurin sai maiƙon abinci.

"Sanyi ne ya shigo," in ji Bhupen, mijin Pabitra, ko kansa bai ɗaga daga faranti ba. "Haka ƙarfe yake yi da safe. Tsohuwa, zuba mini miyar mana, ko sai ta huce a ludayin?"

Pabitra ta zuba. Ta ga kunnuwan ƙanenta sun yi ja, ta ga kuma ya tashi bai ƙarasa abincinsa ba.

Bhupen direban tasi ne. Bana ya gaji da layin gidan mai, ya sayar da tsohuwar motarsa ya ɗauko mai lantarki, kamar yadda direbobi da yawa a unguwarsu ta Imadol suka yi. Motar ta zo da cajarta, 'yar akwati mai doguwar igiya. Gidan kuwa tsohon ginin mahaifin Bhupen ne, wayarinsa tun zamanin da duk kayan wutar gida ba su wuce ƙwai huɗu da rediyo ba, don haka sai an ja sabuwar waya zuwa tsakar gida inda motar ke kwana.

A lokacin ne Dambar ya dawo daga Katar, ba da komai ba sai ciwon baya, bayan kamfaninsu ya sallami ma'aikata. Can aikinsa jan wayoyi ne a manyan gine-gine, shi yana ja, wasu suna haɗawa. Tun da ya dawo yana zaune a gidan mahaifiyarsu a Kirtipur, ba aiki, yana kauce wa idon maƙwabta. Da ya ji yayarsa na neman mai wayarin, ya ce abin kunya ne yana raye a kira bare. Ya yini yana huda bango. Da ya gama ya wanke hannu, ya tsaya a bakin kicin yana murza yatsu. Didi yake kiranta, wato yaya.

"Didi, bana ba ni da abin da zan sa miki a hannu ranar tika. Wannan ita ce kyautata. Na ba ki tun yanzu."

Ranar tika ita ce ƙarshen bikin Tihar, ranar da mace ke zaunar da ɗan'uwanta ta shafa masa tika, wato alamar launuka, a goshi, ta roƙa masa tsawon rai, shi kuma ya ba ta kyauta. Kyautar wannan rana ba a kushe ta, ba a mayar da ita. Pabitra ta share hawaye da bakin gyalenta a ranar, ta ce ba ta taɓa samun wadda ta fi ta ba.

Yanzu ga bikin ya shigo. Yinin nan na hankaki, da ake ɗora musu abinci a kan soro, Pabitra ta yi shi ba sukuni. Ta je ta taɓa ƙyauren ƙarfen ya fi a ƙirga, ba ta ji komai ba sai sanyinsa. Ta ce wa kanta yarinta ce. Ta koma kan kwaɓin sel roti, soyayyen zoben garin shinkafa da ake yi a bikin, ta bar shi, ta sake fita ta taɓa.

Washegari ranar karnuka ce. Akwai wani baƙin karen unguwa, Kale, da ya mai da tsakar gidansu wurin hutunsa, kullum da hancinsa yake ture ƙyaure ya shigo. Pabitra ta shirya masa rataya ta furanni da ƙwai dafaffe. Bhupen ya dawo cin abincin rana, ya jona motar don ta ƙara ƙarfi kafin ya sake fita. Sanu ta leƙa ta kira karen. Kale ya taho yana kaɗa jela, ya kai hanci zai tura ƙyauren, sai ya yi tsalle baya da ƙara, ya koma tsallaken hanya ya zauna. Ƙwan ma bai dawo da shi ba.

Pabitra ta dubi karen, ta dubi igiyar da ke shiga cikin motar. Jiya duk sanda ta taɓa ƙofar, motar tana kan titi.

"Sanu, shiga ɗaki. Kada ki fito sai na kira ki."

A aljihun teburin kicin akwai testa, 'yar sukudireban nan mai ƙwai a ciki da ake gwada wuta da ita. Ta sa takalman roba, ta je ta ɗora bakin testar a jikin ƙyauren, ta danna kan da babban yatsa. Ƙwan ya kama, ja-ja, ba ƙarfi sosai, amma ya kama. Ta bi wayar da ido tun daga soket. Waya biyu sun bi bango sun shige kicin. Ta uku, koriya, ta sauka ƙasa, ta bi gindin katanga, ta je an naɗe ta a ƙafar ƙyauren an rufe da salatif. Ta matsa kusa da soket ɗin, sai wani ƙauri ya bugi hancinta kamar na kifin da ya kwana. Gefen robar ya yi launin shayi, yana fitar da ɗumi. Ta kashe makunnin ta zare filogin.

Ta sake gwada ƙofar. Ƙwan bai kama ba.

Bhupen ya fito yana sakace haƙori. "Wa ya cire? Ko rabi ba ta kai ba."

"Ni ce, Baban Sanu. Zo ka gani."

Ta mayar, ta nuna masa ƙwan testar, ta sake cirewa. Ya sosa ƙeya. "'Yar wuta ce kaɗan. Firjin gidan kawuna ma haka yake yi, shekara da shekaru, ba wanda ya mutu."

"Gobe da magariba yara nawa za su rataya a ƙofar nan?"

Gobe ce daren Lakshmi, allahiyar arziki da ake jiran shigowarta gida. Za a wanke ƙofar gida, a shafe ta da jar ƙasa, a bar ƙyaure a buɗe, 'yan matan unguwa su riƙa shigowa rukuni-rukuni suna waƙar bhailo, yawancinsu ba takalmi, ƙananan cikinsu su ɗare ƙyauren suna lilo.

"Kin san satin nan shi ne kakar direba," in ji Bhupen. "Kowa na zuwa gidan 'yan'uwa. In na je wurin cajin bakin titi, layi ne har bayan gada, rabin yinina zai tafi a zaune. Kira ɗan'uwanki ya duba."

"Shi ya ɗaura wayar a nan."

"To ke kika sani da shi. Ni dai ba na shiga tsakanin harshe da haƙori." Ya shiga motar ya ja ta a haka, ransa a ɓace.

Pabitra ta zauna a kan matakala da wayar hannunta. Masu gyaran wuta uku ta kira, duk sun tafi ƙauye biki. Na huɗu, wani dattijo mai suna Maharjan da ya yi wa makarantar su Sanu wayarin, ya ɗauka daga gidan surukansa, ana ta hayaniya a bayansa. Ya ce ta kunna kyamara ta bi masa wayar. Ta bi, tun daga ƙofa har akwatin da ke kusa da mita.

"Tsaya nan, 'yata. Wannan makatsin wutar sabo ne. Wa ya canza shi?"

"Na da yana yawan faɗuwa in an jona motar, shi ne aka sa babba."

"Faɗuwar ai ita ce aikinsa. Yana gaya muku wayar ta yi wa motar ƙanƙanta ne. Mutanenmu har yau ba su bar halin zamanin fis ba, in ya ƙone a naɗa masa waya mai kauri a ce an gyara. Yanzu ba abin da zai faɗi, wayar ce za ta yi ta dahuwa a cikin bango. Mota ba dutsen guga ba ce da za a kashe bayan an goge riga. Awa da awanni take ja ba hutu."

"Koriyar fa?"

"Cajar nan ba ta yarda ta yi aiki sai ta ji wayar ƙasa. Gidanku babu, sai aka ruɗe ta da ƙyaure. Ƙafar ƙyauren kuwa a cikin siminti take, ba ta kai danshin ƙasa ba. Yau ɗan abin da ke zurarewa ne kike gani. Ranar da wani abu ya lalace a motar ko a cajar, wutar gaba ɗaya a ƙofar za ta zauna tana jiran hannu."

Ya lissafa mata abin da ake bukata: waya mai kauri ita kaɗai daga mita zuwa motar, ba tare da ta bi ta kicin ba, makatsi nata daidai ƙarfinta, da irin wanda ke ɗauke wuta nan take in ta fara zurara, rami mai zurfi a wuri mai danshi, a kafa sandar jan ƙarfe, a auna a tabbatar ta kama, sannan a je ofishin lantarki a ga ko mitar za ta ɗauka. Ya ce kafin a gama biki ba shagon da zai buɗe, shi ma ba zai dawo ba.

"Kada a sake jona ta. Wane ɗan kasada ne ya yi muku wannan aikin?"

Pabitra ta ce layin yana yankewa, ta yi godiya ta kashe.

La'asar ta yi, sai ga Dambar da buhun ƙananan fitilun ado a kafaɗa, yana fito. Ya ce zai naɗe ƙyauren da su daga sama har ƙasa, bana gidan Didi sai ya fi na kowa haske. Sai idonsa ya sauka a ƙafar ƙyauren. Pabitra ta riga ta kwance koriyar wayar ta naɗe ta a gefe.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

"Zauna ka sha shayi, Kancha." Haka take kiransa tun suna yara, autan gidansu.

"Na sha a hanya. Wa ya taɓa?"

Ta gaya masa komai, karen da testar da ƙaurin soket. Ta yi ta zaɓen kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ta kai kan Maharjan, fuskarsa ta canza.

"Wato har kin kai ni ƙara wurin bare. Kin nuna masa aikina a waya, suna biki suna dariya."

"Ban faɗi sunanka ba."

"Ai ya fi ciwo. Kunyata kika ji." Ya ajiye buhun. "Didi, na ja wayar da ta fi cinyata kauri a gini mai hawa arba'in. Wannan tsohon da bai taɓa wuce Thankot ba, nan bakin gari, shi zai koya mini? So yake ya ci kuɗinku. Ba ni testar nan, in ƙara matse ta, shi ke nan."

"Ba matsewa ba ce. Cire ta za a yi gaba ɗaya, a ja wata."

Ya zuba mata ido. "Kin san me kika ce kuwa?"

"Na sani."

"Kyautar tika ce."

"Na sani, Kancha. Hannun Sanu kuma fa? Da 'ya'yan mutane?"

"Ni zan cuci Sanu? Ni da na sha goya ta har tudun Chobhar?"

"Ban ce za ka cuce ta ba. Wuta ba ta san kai kawunta ba ne."

"To madalla. Tunda kin mayar mini da kyautata, ban ga abin da zai kawo ni jibi-jibin nan in zauna a gabanki hannu rabbana ba. Ki shafa wa Maharjan tikar."

Ya fita. A bakin ƙofa ya ɗan karkata jiki ya wuce ba tare da ya taɓa ƙyauren ba, Pabitra kuma ta gani.

Ba a jima ba mahaifiyarsu, da suke ce wa Ama, ta kira. Ba ta ko amsa gaisuwa ba. "Me kika yi wa yaron nan? Ya shigo ya rufe ɗaki. Mutum ya dawo daga uwa duniya a karye, abu ɗaya ya samu ya ɗaga kai da shi, shi ne za ki tsinke? Ki bar wayar har a gama biki mana, in ya so daga baya ku canza a ɓoye."

"Ama, goben ce matsalar."

"Kanki tauri kamar na ubanki. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Pabitra ta ajiye wayar, ta shiga kicin, ta fito, ta sake shiga. Mai ya yi zafi a kasko, sel rotin farko ya ƙone tana kallonsa. Shawarar uwar ta yi ta yi mata yawo a ka. A mayar da wayar, a hana yara taɓa ƙofa, a jona motar sai kowa ya watse. Wa zai sani? Sai ta tuna soket ɗin da ke dahuwa, da wayar da ta ratsa bangon da buhunan shinkafa da tukunyar gas suke jingine. Ta ɗauki cajar dungum, ta naɗe igiyar, ta tura ta ƙasan babban akwatin da take ajiye barguna, ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zanenta.

Ranar Lakshmi Bhupen ya dawo kafin magariba, motar saura ƙiris ta mutu. Ya duba bango, ya duba bayan ƙofa.

"Tsohuwa, ina cajata?"

"Ta tafi biki."

"Ba wasa nake ba. Awa ɗaya kawai. Ni zan tsaya a ƙofar da kaina in kori duk wanda ya matso."

"Daren Lakshmi za ka tsaya a ƙofa kana korar 'yan mata? Sai unguwa ta yi shekara tana ba da labarinka."

Ya kalli makullin da ke lilo a ƙugunta. "Uwata ta ce in auri 'yar Kirtipur in huta. Ga hutun nan ina sha." Ya juya motar a hankali, ya nufi layin bakin titi.

Ta wanke ƙofar gida, ta shafe ta da jar ƙasa, ta ja layin ƙasar tun daga bakin titi har ɗakin da ake ajiye hatsi. Buhun fitilun Dambar yana nan inda ya yar da shi, ba ta iya buɗe shi ba. Fitilun mai na kasko ta jera a kan katanga. Gidajen maƙwabta kuwa sai walƙiya suke, ja da kore da shuɗi, tun daga soro har ƙasa.

Matar gidan da ke kallonsu ta leƙo ta taga. "Maman Sanu, an yanke muku wuta ne? Ku da kuke da mota mai shan lantarki, ko ita ta shanye na fitilun?"

"Lakshmi ai ta san hanya tun kafin a ƙirƙiro ƙwan lantarki," in ji Pabitra.

'Yan matan suka iso da waƙa da tafi. Ƙasa a jiƙe, ƙafafu ba takalmi. Ƙanana uku suka ɗare ƙyauren nan take, Sanu ta huɗu, suna turawa suna dawowa. Pabitra ta san babu abin da ke jone, ita da kanta ta gwada ƙofar kafin su zo, amma duk da haka ba ta ɗauke ido daga kansu ba har suka sauka. Ta sallame su, wasu suka shigo, su ma suka ɗare.

Ranar tika ta tashi tun da asuba. Ta jera launuka bakwai a faranti, da man shafawa, da ratayar furen makhamali da ba ya yaushi, da ƙwallon okhar mai taurin ɓawo da ake fasawa a bakin ƙofa don a kore wa ɗan'uwa mutuwa. Ba ta ci komai ba, don mace ba ta karyawa sai ta shafa wa ɗan'uwanta tika. Ta shimfiɗa masa tabarma. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa. Rana ta ɗaga, lokacin sa'a na shafa tika da masu duba suka sanar ya zo ya wuce, a gidajen maƙwabta maza sun fara fitowa da goshi mai launi. Tabarmar tana nan ba kowa.

Bhupen ya shigo ya same ta tana zuba kayan a kwando. Bai yi mata ba'a ba. "Na cika ta jiya a layi," ya ce. "Ɗauko yarinyar mu tafi."

A Kirtipur suka tarar da Dambar a kan soro, yana zaune kusa da tankin ruwa da tsohuwar rigar barci. Uwar ta kalli Pabitra ta kau da kai, amma ta miƙo tabarma. Pabitra ta hau, ta shimfiɗa a gabansa, ta fara jera kayanta.

"Na gaya miki ba ni da abin ba ki."

"Ban zo karɓa ba. Matso, yunwa nake ji."

Ya kalli tabarmar, ya kalle ta. Sannan ya sauko ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa. Ta zagaye shi da mai da ruwa, ta shafa masa man a ka, ta ja farin layi a goshinsa ta ɗora launukan ɗaya bayan ɗaya. Kore ya ɗan shiga cikin rawaya. Ta rataya masa furen. Ta sauka bakin ƙofa ta ɗora okhar a dutse, ta buga, bai fashe ba sai a bugu na biyu.

Da ta dawo ya sunkuya ya taɓa ƙafarta da goshinsa, kamar yadda ake yi. Nan ne ya kamata ya sa mata wani abu a hannu. Ya zauna yana kallon tafukansa.

"Tsohon naki," ya ce, bai dube ta ba, "ramin da ya ce, a ina?"

"Bayan gida, kusa da magudanar ruwa. Ya ce nan ne ƙasa ba ta bushewa."

"Ko wannan ma sai an gaya wa mutum." Ya ja tsaki. "Kada ku ɗauki lebura. Za su haƙa muku rabi su ce sun kai."

Suka ci abinci, yana ta tsokanar Sanu, amma da yayarsa maganar ba ta wuce miƙo gishiri ba.

Bayan biki Maharjan ya zo da yaransa da naɗin waya mai kauri. Dambar ya riga su isowa da diga da shebur. Ya haƙa ramin shi kaɗai har kansa ya ɓace a ciki, da bayan nan nasa mai ciwo. Bai gaida dattijon ba, bai taɓa waya ko ɗaya ba. Da aka zo zare tsohuwar daga bangon kicin, robarta ta fito a narke, manne da juna, baƙa ƙirin a daidai bayan tukunyar gas. Maharjan ya ɗaga ta zai yi magana, Pabitra ta karɓe ta daga hannunsa ta jefa a buhun shara. Dambar yana cikin rami, ba ta san ko ya gani ba. Da aka kafa sandar aka auna, ya wanke digarsa ya tafi, ya ce ya ci abinci a gida.

Har sanyi ya fita bai ƙara zama cin abinci a gidan ba. Yakan zo ya ɗauki Sanu yawo, ya dawo da ita, ya tsaya daga tsakar gida. Pabitra takan zuba masa nasa ta rufe, wani lokaci Bhupen ya cinye da dare. Abin yana ci mata rai, kuma da za a sake, haka za ta sake yi.

Kai da ke shirin shigo da irin wannan mota gidanka, ji nan. Kada ka jona ta a layin da ya riga ya ɗauki kicin da injin ruwa. A ja mata wayarta ita kaɗai daga mita, mai kauri, da makatsinta, da wayar ƙasa ta gaske da aka binne aka auna, kuma wanda ya koyi aikin ya yi shi. In makatsi ya faɗi kada a sa wanda ya fi shi, in caja ta ƙi aiki kada a yi mata dabara. In kuwa wanda zai yi maka aikin naka ne, kana jin nauyinsa, to ka ɓata masa rai tun kafin ya huda bango. Fushin ɗan'uwa yana jira a lallashe shi. Wuta ba ta jira.